Wilson Maƙogwaro da Lodin Kafanchan

Ga ta nan ta taso, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, muna saurare.

To, a Unguwar Boro, can kudu da kogin Kaduna, an yi wani ɗan kamasho ana ce masa Wilson Maƙogwaro. Ba iyayensa suka raɗa masa sunan nan ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana tuna musu har sai da ya zauna a bakinsu. Aikinsa kiran fasinja a wata ƙaramar tasha da ke bakin titi, wadda wani dattijo mai suna Baba Matthew ke shugabanta. Murya kam Allah ya ba shi daidai gwargwado, sai dai a labarinsa ta wuce haka nesa. Yakan ce akwai ranar da ya yi atishawa a Sabon Tasha, wata mata a Kakuri ta ce masa sannu.

Bayan muryarsa, babu abin da yake ƙauna kamar kiɗan wasu Turawa biyar na wata ƙasa mai sanyi, masu irin kiɗan nan da ake kira metal. Sunan ƙungiyar ya ƙi zama a harshen kowa, shi ya sa masoyansu na Kaduna suka hutar da kansu suka sa musu 'Yan Ƙanƙara. Kiɗansu ba na rawa ba ne. In ka ɗaga ƙafa a kan wani bugu, kafin ka sauke ta mai ganga ya sake shawara. Waƙa guda takan kai tsawon dahuwar wake, kuma mawaƙin murya biyu yake yi a cikinta: akwai gurnani daga can ƙasan ciki, akwai kuma wata siririya mai taushi kamar ta mai roƙon gafara.

Masoyan nan, in ka tara su duka, ba za su cika Keke mai ƙafa uku guda biyu ba. Duk Lahadi bayan an tashi coci sukan haɗu a Kakuri, a shagon Sylvester, wani mutumin Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ke da sifika mai girman akwatin amarya. Nan za a kunna waƙa, nan za a yi musu. Musun kuwa ɗaya ne kullum. Tsohon mawaƙin ƙungiyar, wanda suke kira Mai Gemu, ya bar ta, aka kawo wani saurayi da suke kira Mai Kitso. Sylvester na bayan tsohon. Christy, wata tela mai kaifin harshe, na bayan sabon.

“Tun da Mai Gemu ya tafi ba waƙa suke yi ba,” in ji Sylvester wata Lahadi. “Mutumin nan in ya yi gurnani, gwangwanayen man birki da ke kan kantata sai sun motsa. Wannan yaron naku kuwa kamar wanda ƙayar kifi ta maƙale wa.”

“Oga Sylvester, ka ji tsoron Allah,” in ji Christy. “Mai Gemu gurnanin kaɗai ya iya. In aka zo wurin taushi sai ya riƙa lallaɓawa kamar mai tsallake kwata da sabon takalmi. Ka saurari yadda Mai Kitso ya ja muryar ƙarshe a Doguwa. Ranar da na fara ji, ina tsakiyar yanka leshin wata mata, sai da na ajiye almakashi na zauna.”

Doguwa ita ce waƙar da ta fi kowace tsawo, kuma ita ce duka mawaƙan biyu suka taɓa rerawa, don haka a kanta ake auna su.

“Ihu ya yi,” in ji Sylvester. “Ko matata in ta ga kyankyaso tana kaiwa can.”

Wilson yana zaune kan tsohuwar taya yana sakace. Ya girgiza kai cikin tausayi.

“Ku biyun nan kuna ba ni wahala. Mai Gemu yana da ƙasa, ba shi da sama. Mai Kitso yana da sama, ba shi da ƙasa. Ni kuwa gidan bene ne, sama da ƙasa, har da baranda.”

“To me ya hana su zo su ɗauke ka?” in ji Christy.

“Sanyi. Jikina ba ya son sanyi. Ba don haka ba da tuni kuna musu a kaina.”

Abu ɗaya ne kawai ba su taɓa saɓani a kansa ba: ba a tsallake farkon waƙa, ba a kuma katse ta a tsakiya. In an kunna, sai ta kai ƙarshe da ƙafarta. Ko kwastoma ne ya zo neman fulogi, sai ya nemi wuri ya zauna. Wilson ya fi kowa riƙo da wannan doka. Ya taɓa yin wata guda ba ya gaisawa da ƙanin matarsa saboda ya zare caja ana tsakiyar jita.

Kashegari Litinin, Baba Matthew ya tara 'yan tasha a gindin mangwaro. Ya ce mai kiran layin Kafanchan ya tsufa, ya koma gida noman citta, layi ya zama babu mai shi. Layin Kafanchan kuwa shi ne uwa da uba a tashar nan. Wanda ke riƙe da shi ba ya cin tuwo babu nama. Mutum biyu ne suka cancanta, Wilson da wani siririn saurayi mai suna Kevin, wanda muryarsa ba ta fi ta sauro ba, amma ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa in ya hango mai jaka.

“Ranar Asabar zan jera bas biyu,” in ji Baba Matthew. “Kowa da tasa. Wanda ya cika tasa, ya rufe ƙofa, ya buga mata gindi ta fita ƙofar tasha kafin ta ɗan'uwansa, layi nasa ne. Ɗayan kuma ya koma Kujama.”

Layin Kujama shi ne inda mutum zai yi kira tun safe har miyau ya ƙafe, a ƙarshe ya samu tsohuwa ɗaya da buhun gawayi.

“Baba, ka ba Kevin haƙuri tun yanzu,” in ji Wilson. “Yaro ne, kada abin ya zo masa ba shiri.”

“Allah ya kai mu, Yaya Wilson,” in ji Kevin, yana ɓare gyaɗa.

Da yamma Wilson ya hau Keke zuwa Kakuri ya shimfiɗa wa Sylvester shirinsa. Ya ce tun zamanin kakanni ake kiran fasinja da murya ɗaya, abin ya gundure mutane. Shi ranar Asabar zai ɗora sifika a baro, ya kunna Doguwa, ya kira Kafanchan da murya biyu, gurnani da taushi, daidai inda mawaƙi ke shiga. Mutanen da ba su da niyyar tafiya ma za su shiga mota, sai a Kachia za su tuna sun bar tukunya a wuta.

Sylvester ya sosa ƙeya. Da farko ya so ya hana, amma sai ya tuna cewa wannan dama ce ta a ji gurnani irin na Mai Gemu a bainar jama'a.

“Zan ba ka sifika. Amma ka ji sirrin: gurnani yana son maƙogwaro mai kaushi. Ka bar ruwa, ka kama ƙuli-ƙuli.”

Christy ta ji labari, ta aiko masa da nata saƙon: muryar ƙarshe ta Doguwa ba ta fita sai maƙogwaro ya yi santsi, ya kama miyar kuɓewa da zuma. Wilson bai ga dalilin zaɓe ba. Da safe sai ya ci ƙuli-ƙuli da busasshen gari da yaji, babu ko kurɓin ruwa. Da yamma ya sha kuɓewa kwano guda ya bi ta da zuma. Maƙogwaron ya rasa wanda zai yi wa biyayya.

A gidan hayar da yake zaune da matarsa Lizzy da 'yarsu Peace, famfo ɗaya ne a tsakar gida, kuma ya daɗe bai ɗiga ba. Kowa a gidan ya san halinsa: in zai kawo ruwa, sai ya fara kakari da gurnani kamar mai shirin amai. Ran Talata da safe Wilson ya shiga banɗakin da ke bayan famfon, ya rufe ƙofa, ya cika ciki da iska, ya saki gurnani irin na Mai Gemu.

Kafin ya sake numfashi, tsakar gida ta cika da bokitai. Mata suka fito da ɗaurin ƙirji, wata da jariri a hannu ɗaya da jarka a ɗayan. Mutanen gidan maƙwabta suka shigo da baho. Aka ja layi, aka fara faɗan wa ya riga wa. Mama Grace, babbar mace a gidan kuma shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu, ta durƙusa ta kara kunne a bakin famfo.

“Ku yi shiru. Yana hanya. Ina jin sa can ƙasa, da ƙarfinsa zai zo yau.”

Gurnanin ya ƙaru, ya yi sama, ya dawo, sannan ya tsaya. Ƙofar banɗaki ta buɗe, Wilson ya fito da tawul a wuya. Ya ga taro, fuskarsa ta washe.

“Ashe har kun taru. Mama, ya kuka ji shi? Wannan somin taɓi ne.”

Mama Grace ta miƙe a hankali tana dafa gwiwa. Ta dube shi, ta dubi famfo.

“Baban Peace, kai ne?”

“Ni ne, Mama.”

“Na sauke kokona daga wuta saboda kai. In ciki ne ke damun ka, ka faɗa a jiƙa maka kanwa.”

“Waƙa ce, Mama.”

“To Allah ya ba ka lafiya.”

Wilson ya shiga ɗaki ya ce wa Lizzy, “Kin ga jama'ar da na tara ba tare da na ambaci sunan gari ba? Ina ga na ce Kafanchan.”

Saura abu ɗaya. Mawaƙan 'Yan Ƙanƙara ba sa waƙa sai suna kaɗa kai, gashi yana shara gaba da baya, shi kuwa Wilson kansa tal yake kamar ƙwarya. Ran Alhamis, da Lizzy ta tafi kasuwa, ya buɗe akwatinta ya ciro hular gashin da take ajiya don biki da Kirsimeti. Ya kafa ta, ya tsaya gaban madubi, ya dinga wurga kai. Yana cikin bin mai ganga, mai ganga ya sauya bugu, kan Wilson ya tafi hagu, wuyansa ya ce ƙas, ya ƙi dawowa.

Lizzy ta dawo ta tarar da shi zaune yana kallon bango.

“Baban Peace, ina maka magana kana kallon kalanda?”

“Ina jin ki. Salo ne nake gwadawa.”

Ta shafa masa man zafi, ta gasa masa da tawul, wuya ya ce bai san zancen ba. Ta ce ya haƙura da sifikar nan, ya je ya kira mota kamar yadda ya saba, tun da a haka ma ya fi Kevin murya. Ya ce da bango, domin ita tana damansa, “Mata ba ku san fasaha ba.”

Ranar Asabar da hantsi tasha ta cika. Baba Matthew ya jera bas biyu, ta Wilson a dama, ta Kevin a hagu. Sai ga Wilson ya shigo yana tura baro da sifika a ciki, sanye da baƙar riga, da sarƙar babur a wuya, da hular gashin Lizzy da ya ɓoyo a leda ya kafa a hanya. Sylvester ya rufe shago ya biyo shi. Christy ma ta zo, ta ce ba za a ba ta labari ba.

Baba Matthew ya dube shi sama da ƙasa.

“Wilson, rasuwa aka yi?”

“Ta Kevin ce, Baba, yanzu za a yi.”

Baba Matthew ya ɗaga hannu ya sauke. Kevin ya ruga bakin titi. Wilson ya danna waya, ya tsaya gaban motarsa, ya rufe ido.

To, farkon Doguwa ba kowa ya san shi ba. Da iska take farawa, iska kawai, tana hurawa. Can sai ƙararrawa ta buga sau ɗaya. Sai iska ta ci gaba. Can kuma jita ɗaya ta fara ɗigowa kamar rufin da ke yoyo.

“Sifikar ta lalace ne?” in ji direban Wilson.

“Haka take,” in ji Sylvester, shi ma ido a rufe. “Wannan iskar, ka ji ta da kyau, babu mai yin irinta yanzu.”

Kevin ya wuce da jakar wani ɗan sanda mai ritaya. Ya dawo ya wuce da wata mata da kajinta.

“Wilson, ka kira mana,” in ji Baba Matthew.

“Ba a zo wurin shiga ba, Baba.”

“Wace shiga? Ga ƙofa a buɗe.”

“Ta murya.”

Ganguna suka shigo, suka fara hawa. Wilson ya buɗe ƙafa, ya ja iska, ya wangale baki. Jama'a suka matso. Sai kiɗan ya faɗi ƙasa, iska ta dawo. Wilson ya rufe bakinsa.

“Yaudara ce,” ya yi wa mutane bayani. “Haka suke yi wa wanda bai san waƙar ba.”

Wani ɗan kasuwa ya zo da jaka ya tsaya gabansa yana tambayar wace ce ta Kafanchan. Wilson ba ya magana ana jita, sai ya nuna motarsa da ido. Amma da yake wuyan ya kafe hagu, idon motar Kevin ya nuna. Mutumin ya yi godiya ya shiga can.

“Na gode, Yaya Wilson,” in ji Kevin.

Motar Kevin ta wuce rabi kafin wurin shiga ya zo. Da ya zo kuwa, ya zo. Jita da ganga suka rufto kamar an zubar da kwanukan duniya daga bene, Wilson ya lanƙwashe, ya saki Kafanchan daga ƙasan cibiya. Wani jariri ya tsala kuka. Mai lemo ta dafe tirenta da hannu. Wani tsoho da ya riga ya zauna a motar Wilson saboda inuwa ya sauko da sandarsa, ya ce shi bai shirya irin wannan tafiyar ba.

“Ƙasan ya yi,” in ji Sylvester, yana gyaɗa kai. “Amma yana sako iska ta hanci. Mai Gemu ba ya haka.”

“Mai Gemu ma haka yake, kamar injin markaɗe da aka zuba wa tsakuwa,” in ji Christy. “Ku dai ba ku son gaskiya.”

Ana cikin haka sai ga Kekuna sun tsaya a bakin tasha, matan Zumunta suka firfito da anko, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, da tulunan kiɗansu da caki. Biki za su Kafanchan, kuma yawansu daidai cikin bas. Mama Grace ce a gaba. Kevin ya ruga, amma kujera biyu kawai ta rage masa, su kuwa sun ce ba za su rabu ba.

Mama Grace ta hango wani mai baƙaƙen kaya da gashi har kafaɗa, wuya a karkace, yana gurnani gaban mota. Ta matso ta leƙa ƙarƙashin gashin.

“Baban Peace ne. Abin ya tashi kuma. Mata, ku zo.”

Suka kewaye shi, suka ɗora masa hannu a ka, suka fara addu'a. Wata ta ce a riƙe hular kada ta zame, ta Lizzy ce, ta san ta. Wilson yana son ya yi bayani, amma baiti bai ƙare ba. Sai da Allah ya kawo wurin taushi, kiɗa ya lafa, ya sauya zuwa siririyar murya yana jan Kafanchan a hankali, kamar mai lallashin yaro.

“Amin,” in ji matan. “Ya sauka.”

Mama Grace ta share masa gumi da bakin zanenta.

“Ɗan gidanmu ne, kuma ga halin da yake ciki. Lizzy ta gaya mini gasar da aka haɗa su yau. In aka kai shi Kujama, Lizzy ce za ta sha wahala. Mata, ku shiga tasa.”

Suka shiga. Tuluna a cinya, jakunkuna a ƙarƙashin kujera, kafin ka ce me mota ta cika maƙil. Direba ya tayar da inji. Kevin yana can bakin titi yana waige-waige, har yanzu saura mutum biyu. Baba Matthew ya yi murmushi.

“To, Wilson, ka ci. Rufe ƙofa ka buga mata.”

Wilson ya kama ƙofar. Sai ya tsaya. Daga cikin baro jita ta fara wani dogon hawa wanda duk masoyin 'Yan Ƙanƙara ya san inda za ta.

“Baba, a ɗan dakata. Waƙar ba ta ƙare ba.”

“Ka kashe ta mana.”

Wilson ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, tun da wuya ba ya juyawa, ya dubi Baba Matthew kamar ya zagi mahaifiyarsa.

“A katse Doguwa? Ana gab da muryar ƙarshe?”

Sylvester, wanda dokar nan a shagonsa aka kafa ta, ya matso ya rage murya.

“Wilson, abeg, don Allah ka buga motar. Yau ɗaya an yafe. Ba zan faɗa wa kowa ba.”

“Ni ma ban gani ba,” in ji Christy. “Ka sallame su, ka yi mana sauran mu biyu.”

“Ku biyu? Na tara mota guda ta masu saurare, ku ce in sallame su kafin wurin da ya fi ko'ina? Yau za a san tsakanin Mai Gemu da Mai Kitso da ni wa ke da sama.”

Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Direba ya danna hon. Rana ta hau, mota ta zama tanda, matan suka fara fifita da ɗankwali.

“Baban Peace, saura nawa?” in ji Mama Grace daga kujerar gaba.

“Kaɗan, Mama. Mai jita zai gama, mai ganga ya yi nasa, sannan a koma iska, sannan ni.”

“Za a ɗaura auren nan babu mu.”

“In kuka ji wannan, Mama, ba za ku tuna da aure ba.”

Da zaman ya ishe su, wata daga baya ta buga tulunta, wata ta karɓa da caki, suka ɗauki waƙarsu ta Zumunta don su rage zafi. Bugunsu miƙaƙƙe ne, mai daɗin taka ƙafa, har 'yan tasha suka fara tafi. Wilson ya toshe kunne ɗaya yana laluben nasa bugun a cikin baro, yana ƙirga da yatsu, yana ɓata, yana sake farawa.

Kevin ya lallaɓo ta taga.

“Mama, ina da kujera biyu a gaba, gefen taga. Da kun zauna za mu tashi.”

Mama Grace ta dubi agogon direba, ta dubi Wilson da ke tsaye da ido a rufe da yatsa a kunne. Ta taɓa ma'ajiyar Zumunta da ke gefenta.

“Irene, ɗauko tulunki. Mu je mu riƙe musu wuri, kada a ce ba mu zo ba.”

Suka buɗe ƙofar gaba suka sauka. Wilson bai gani ba, domin lokacin nan ne wurin ya zo. Kiɗa ya ɗauke ɗif. Ya miƙe kan yatsun ƙafa, ya ɗaga hannu sama, ya buɗe baki don muryar ƙarshe. Ƙuli-ƙuli ya ja ta ƙasa, kuɓewa ta ja ta sama. Abin da ya fito wani ɗan siririn ƙara ne kamar an taka ɗan tsako, daga nan sai iska. Ya sake gwadawa. Iska.

Cikin wannan shirun kowa ya ji tafin hannun Kevin a gindin mota, bam bam. Bas ɗin hagu ta ja, ta bi ta gaban Wilson, daidai inda wuyansa ke kallo, ta fita ƙofar tasha. Mama Grace ta ɗago masa hannu ta taga.

Matan da suka rage suka ga shugabarsu ta tafi, waƙa ta tsaya, harsuna suka tashi. Wata ta ture ƙafarsa waje, wata ta ja ƙofa da ƙarfi, ƙofar ta cafke jelar hular gashi. Direba bai jira bugun kowa ba. Mota ta fita da kujera biyu babu kowa, gashin Lizzy yana kaɗawa a gefenta har ta sha kwana.

Wilson ya rage tsaye da tal ɗin kansa a rana. A cikin baro iska ta dawo tana hurawa, domin Doguwa ba ta ƙare ba tukuna. Baba Matthew ya buɗe baki zai yi magana, Wilson ya ɗaga masa yatsa. Dattijon, don mamaki, ya jira. Tasha guda ta tsaya tana sauraren iska har ƙararrawa ta buga, sifika ta yi shiru.

“Yanzu zan iya magana?” in ji Baba Matthew.

Wilson ya gyaɗa kafaɗa.

“Litinin, Kujama.”

Jama'a suka watse suna dariya. Wilson ya zauna a bakin baro, ya yafito Sylvester da Christy da hannu. Sai da suka sunkuyo sosai kafin su ji abin da yake cewa, domin muryar ta koma raɗa.

“Ku bar zancen mota. Ku masana ne. Ku faɗa mini tsakani da Allah, ina ne ya fi?”

Sylvester ya yi tunani irin na mai auna kaya.

“Gurnanin yana da gyara. Taushin, to, an yi addu'a a kansa, ba zan ce komai ba. Amma farkon nan, inda ka tsaya ka rufe ido ba ka ce uffan ba, wannan ya yi kyau ƙwarai.”

“Wurin nan kam babu abin cewa,” in ji Christy. “Da ka ci gaba da shi har ƙarshe, da yanzu kana da Kafanchan.”

Wilson ya lumshe ido, ya dafa ƙirji, murmushi ya bazu a fuskarsa. Ya jawo rigar wani mai faci da ke wucewa, ya raɗa masa a kunne:

“Ka ji da bakin masana. A faɗin Kaduna babu mai shiru kamar nawa.”

Sannan ya miƙe, ya kama baro, ya nufi gida a karkace, yana shirya abin da zai gaya wa Lizzy da hannu.

Ƙurunƙus kan ɓeran tasha. In kun tsinci ƙari a ciki, gizo ne ya sa mini baki.